Melatonin, alawar wiwi da matar kemis ɗin unguwarmu, abinda na gani da idona a Toronto

Salamu alaikum 'yan uwa. Na jima ina juya maganar nan a raina ko in rubuta ko in bari, saboda akwai sirrin gida a ciki, to amma na tambayi mai sirrin yace Yaya ki rubuta kawai in dai ba zaki kama sunana ba, kuma nasan ba shi kaɗai bane, yaranmu da yawa da suka zo karatu ƙasar nan abinda suke yi kenan a ɓoye ba wanda ya sani. Magana ce akan kwalbar melatonin da na saya wa kaina, da shagon wiwi mai lasisi da autanmu ya riƙa zuwa, da kuma teburin mai haɗa magunguna na kemis ɗin unguwarmu, wanda a ƙarshe shi ya fi komai yi mana amfani kuma shi ne ko sisi bamu biya ba.

Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, aikin dare, sha ɗaya zuwa bakwai na safe. Wanda bai taɓa yin aikin dare a ƙasar nan ba ba zai gane yadda barci ke wargajewa ba, lokacin sanyi kafin biyar na yamma gari yayi duhu, lokacin bazara kuma isha'i sai kusan sha ɗaya asuba kafin huɗu, to ki haɗa da cewa ni lokacin da mutane ke tashi nake neman kwanciya, rana na dukan taga, yaran maƙwabta na guje-guje a sama. Sai da na kai ina kwanciya awa uku ido ya bushe ƙamas. Wata abokiyar aikina ce tace in gwada melatonin, na shiga kemis na ɗauko mai miligiram 5 irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ya narke, dala goma sha wani abu, ba a buƙatar takardar likita a nan Kanada. Akwai na alawa mai danƙo ɗin nan masu kala-kala, ban ɗauka ba don da na juya bayan kwalbar naga gelatin ba a faɗi na wace dabba bane, na mayar. In dai alawar kike so ki duba wadda aka rubuta pectin, wannan daga 'ya'yan itatuwa ake yinsa.

Abinda ban gane ba a farko, kuma nasan mutane da yawa basu gane ba, shi ne melatonin ba ƙwayar barci bace irin wadda muka sani. Jikin mutum da kansa yake yinsa a wani ɗan ƙulli can tsakiyar ƙwaƙwalwa idan duhu ya shiga, haske kuma ya kashe shi. Aikinsa kamar ladan ne, kira yake yi cewa lokaci yayi, ba zai zo ya ɗauke ki ya kai ki masallaci ba. Shi yasa wanda ya sha yana kwance yana danna waya da hasken allo a fuska sai yace ai abun ba ya aiki, ya ƙara biyu, ya ƙara uku. Ni miligiram 5 ɗin yayi min yawa, ina samun barcin amma in tashi da kai kamar an ɗora min turmi, da ciwon kai a goshi, da mafarkai barkatai. Na fara raba ƙwayar biyu, daga baya na koma sayen mai miligiram 1, na sa labule mai kauri wanda ba ya barin haske, ina saka baƙin tabarau a hanyar dawowa gida da safe. Da wannan na samu awa biyar zuwa shida, Alhamdulillah. A jikin kwalbar an rubuta kar a tuƙa mota ko a kama inji har awa biyar bayan an sha, na manya ne kawai, kuma in rashin barcin ya wuce sati huɗu a ga likita. Ni kaina sai daga baya na karanta rubutun da kyau.

To yanzu maganar auta.

Shekararsa 23, yazo karatu ya zauna wajena, Umma da bakinta tace min ga amana nan. Yaro ne mai natsuwa wallahi, ba ya hayaniya, yana zuwa makaranta da rana da yamma kuma yana kai wa mutane abinci a mota don ya samu na kashewa. Sanyin farko da yayi a nan ya jijjiga shi, kewar gida, kuɗin makaranta, jarabawa, barci ya ƙaurace masa, ni kuma bana gida da dare balle in lura. Abokansa na makaranta suka ce masa ai akwai alawa a shago, halas ce a dokar ƙasar nan, ba hayaƙi ba wari, ka ci ɗaya ka yi barci kamar jariri. Haka ya fara, ya kai wata uku yana yi ban sani ba.

Ranar da na sani, wata safiya ce a watan Janairu, na dawo wajen bakwai da rabi naga takalmansa a ƙofa alhali yana da aji ƙarfe takwas. Na buga ƙofa shiru, na tura na shiga, yana kwance da kayan jiya a jikinsa, ko asuba bai tashi ba. Na girgiza shi ya buɗe ido da ƙyar, idon jajur, baki a bushe, magana na fita a hankali kamar ana jan ta. Da ya yunƙura zai tashi sai jiri ya kwashe shi ya dafe bango. Na kama hannunsa na ƙirga bugun zuciya yadda muke yi a wajen aiki, yana gudu sosai. Nace Auta me ka sha, yace ba komai Yaya. Na sake tambaya, na uku sai ya fashe da kuka ya nuna min kwandon shara.

Abinda ya faru shi ne, alawa ɗaya ta daina yi masa aiki tun tuni. A daren ya ci ɗaya mai miligiram 5 na THC, wato sinadarin da ke sa maye a wiwi, ya jira kamar minti arba'in bai ji komai ba ya ci ta biyu, sai ya tuna da tsohuwar kwalbata ta melatonin a kicin ya ɗauki biyu, miligiram 10 kenan, kuma da yake yana fama da mura sai ya kora da maganin mura na dare. Abu uku masu sa barci a ciki ɗaya cikin awa guda. Allah ya rufa asiri yana amsa magana, numfashinsa daidai, bai yi amai ba, na zaunar da shi na ba shi ruwa kaɗan-kaɗan na zauna a gefensa har azahar ban runtsa ba. Amma dan Allah ku ji ni, da ace na tashe shi bai tashi ba, ko numfashi na sarƙewa, ko yana amai a kwance, ko ƙirji na masa ciwo, 911 lambar agajin gaggawa zan kira ba tare da tunanin me mutane za su ce ba, kuma in juya shi ya kwanta ta gefe kafin su iso.

Nayi fushi, ba zan ɓoye ba. Ni a fahimtata duk abinda ke gusar da hankali haramun ne ko da gwamnati ta buga masa tambari goma, kuma na faɗa masa haka ƙarara. To amma hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma faɗa ba ya sa mutum barci. Yaron nan ba daɗi yake nema ba, barci yake nema. Da na tsaya a wa'azi kawai da ya koma yana yi a ɓoye, wataƙila a gidan aboki inda ba wanda zai ƙirga masa bugun zuciya.

Bayan kwana biyu nace ya kaini shagon in gani da idona, gani ya kori ji. Ban taɓa tunanin ƙafata za ta taka irin wajen ba, da hijabina da komai. Gaskiya wajen tsaf yake kamar shagon waya, an duba katin shaidarmu a ƙofa saboda a Ontario sai mai shekara 19, kowane fakiti da jan tambari na THC da gargaɗi a akwatin rawaya da murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Tun 17 ga Oktoba 2018 aka halatta wiwi a Kanada, na ci da na sha kuma suka shigo kasuwa ƙarshen 2019, kuma doka bata yarda fakiti ɗaya na abin ci ya wuce miligiram 10 na THC ba. Na tambayi saurayin da ke sayarwa, nace ɗan uwana yana haɗa wannan da melatonin, akwai matsala? Yace shi doka bata ba shi damar ba da shawarar lafiya ba, mu je wajen likita ko mai haɗa magunguna. Wannan na yaba masa, bai yi min ƙarya don ya sayar ba. Abinda ban ji daɗinsa ba shi ne yadda ake sa wa kayan sunaye na dare da wata da mafarki, ga wani sinadari CBN da ake ta kambamawa wai shi ne na barci, ba su rubuta maganin barci bane a jiki don doka ta hana, amma duk yaron da ya kwana uku bai runtsa ba in ya shigo ya ga sunan ya gama fahimtar abinda ake nufi. Ana yi masa hannunka mai sanda, in ya tambayi yadda zai sha lafiya kuma a ce ba aikinmu bane. A nan shagon ya gaza a wajena.

Daga nan muka wuce kemis. Auta bai so ba, yana ta cewa Yaya za su rubuta sunana, za a kai ni ga hukumar shige da fice. Nace ba abinda ka karya a doka zuwa yanzu, kuma maganar da ka yi da ma'aikacin lafiya sirri ce. Muka je teburin baya inda ake karɓar magani nace muna son magana da mai haɗa magungunan, wata mata ce babba, ta ce mu ɗan jira, bayan kamar minti goma ta shigar da mu wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa. Wallahi tun daga yadda ta fara na san mun zo wajen da ya dace, bata ware ido ba, bata kalli hijabina ta kalli fakitin tayi mamaki ba, kai tsaye ta tambaye shi nawa yake ci, sau nawa a sati, tun yaushe, yana shan giya, yana shan wani magani, akwai mai taɓin hankali a dangi, yana minshari, ƙarfe nawa yake kama mota. Ta ba mu fiye da minti ashirin mutane na jiran ta a waje.

Bayanin da tayi shi nake so ya isa ga mutane, zan faɗe shi yadda na fahimta na kuma je na ƙara karantawa daga baya.

Tace melatonin da wiwi ba irin haɗin da aka sani da tsayar da numfashi bane su biyu kaɗai, amma binciken da aka yi akan haɗa su kaɗan ne, don haka duk wanda ya ce maka tabbas ba komai to da ka yake magana. Abinda aka tabbatar shi ne kowannensu na sa kasala da jiri, in aka haɗa sai su taru, nauyin kai ya bi mutum har washegari. Tace ita a abinda auta ya sha na ukun ne ya fi tayar mata da hankali, maganin murar, don irin waɗannan na dare yawanci akwai diphenhydramine ko doxylamine a ciki, na farkon shi ne dai sinadarin Benadryl da yawancin ƙwayoyin barcin da ake ɗauka a kanta ba takarda, yana busar da baki, ya ƙara gudun zuciya, ya rikita tunani, THC ma na ƙara gudun zuciya, to ka ga an haɗa gudu biyu. Sai ta jero waɗanda tace ko kusa kar a haɗa da wiwi, giya, da ƙwayoyin barci na likita irin zopiclone, da dangin diazepam da lorazepam, da magungunan ciwo masu ƙarfi irin tramadol da kodin. Su waɗannan su ne ke rage numfashi, musamman in aka gwama su da juna, mutum ya kwanta barcin da ba tashi.

Maganar alawa kuma tace kuskuren auta shi ne kuskuren kusan kowa. Wanda ya busa cikin mintoci yake ji, amma wanda ya ci sai ta bi ciki ta je hanta, tana ɗaukar minti 30 zuwa awa 2 kafin a fara ji, tana iya kai awa 4 kafin ta kai ƙarshen ƙarfinta, ta zauna a jiki har awa 12, raguwarta ma har awa 24. Kuma hanta na juya THC ɗin ya koma wani sinadari mai ƙarfin bugu. To wanda ya jira minti arba'in ya ƙara, sai ta farko da ta biyu su taso masa tare da tsakar dare. Shawarar da ma'aikatar lafiya ta Kanada ke bayarwa ita ce a fara da miligiram 2.5 ko ƙasa da haka kuma kar a yi gaggawar ƙarawa.

Sai tace masa, ni abinda nake so shi ne ka bari gaba ɗaya kuma zan faɗa maka dalili, amma in har ba yau za ka bari ba to ga sharuɗɗa. Kar ka taɓa gwada abu biyu sabbi a dare ɗaya, don in wani abu ya faru ba ka san wanne ne ba. Melatonin kar ya wuce miligiram 1 zuwa 3, kuma a sha kamar awa ɗaya kafin kwanciya, ba da tsakar dare ba in barci ya ƙi. Kar ka ƙara alawa a dare ɗaya ko da baka ji komai ba. Babu maganin mura na dare, babu giya, babu ƙwayar wani. A samu wani a gida da ya san abinda ka sha. Kuma washegari ba mota.

Wannan ta motar ita ta fi girgiza shi. A Kanada in aka samu nanogiram 2 na THC a mililita ɗaya ta jininka kana tuƙi laifi ne, in ya kai 5 laifin ya ƙara girma, kuma a Ontario mai lasisin koyo irin G2 da yake riƙe da shi, da 'yan shekara 21 zuwa ƙasa, da direbobin manyan motoci, ba a yarda a samu ko ɗigo a jikinsu ba. Tun Disambar 2018 kuma tuƙi cikin maye ya shiga sahun manyan laifukan da kan iya jawo wa wanda ba ɗan ƙasa ba kora, ko da yana da takardar zama ta dindindin balle ɗalibi. Yaron da ya ci alawa sha biyun dare ya kama sitiyari da safe yana ganin garau yake, alhali abun na jininsa. Na kalli auta naga ya sunkuyar da kai, nasan gonar da Baba ya sayar yake tunawa.

Ta ƙara wani abu da ni ya shafa kai tsaye, cewa abinda aka rubuta a kwalbar melatonin ba lallai shi ne a ciki ba. A 2017 masu bincike a jami'ar Guelph, nan kusa da mu, sun auna kala 31 suka samu wani abinda ke ciki ya gaza na rubuce da kashi 83 cikin ɗari wani kuma ya zarce da kashi 478, har da serotonin, wani sinadari mai aiki a ƙwaƙwalwa, a kusan kashi ɗaya cikin huɗu wanda ba a rubuta ba. A 2023 a Amurka aka auna alawar melatonin kala 25, guda 22 ba su yi daidai da rubutunsu ba, ɗaya ma babu melatonin ɗin sam sai CBD, wani sinadari na wiwi. Shi yasa tace in riƙa duba lambar NPN mai lamba takwas a jikin kwalba wadda ke nuna an yi rajistarsa a Kanada, kar in sayi na intanet da ban san daga inda ya fito ba, musamman masu cewa an haɗa CBD da melatonin waje ɗaya. A Ingila ma sai da takardar likita ake samun melatonin, mu nan ne yake zube a kanta kamar alawar yara.

Shi CBD ɗin da ake cewa ai baya sa maye ba ruwansa, tace gaskiya ne baya bugarwa amma yana rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini, irin warfarin na tsinka jini da clobazam na farfaɗiya. Melatonin ma yana da nasa, da warfarin, da wani maganin damuwa fluvoxamine da ke sa shi ya taru sosai a jiki, masu shan maganin hawan jini ko suga ma su tambaya tukuna. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa tace wiwi kowane iri su bar shi. Haka wanda a danginsu akwai taɓin hankali, don THC na iya tono shi, kuma ƙwaƙwalwa bata gama ginuwa ba sai wajen shekara 25. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci shi kuma gwajin barci yake buƙata, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka tun 2018 ta ce kar a yi maganin wannan ciwon da wiwi.

Dalilin da tace ya bari gaba ɗaya shi ne wanda ya fi zauna min. Wiwi na sa barci ya ɗauke ka da wuri a farko, shi yasa mutane ke rantsuwa da ita, amma tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, jiki kuma ya saba da sauri, ɗaya ta koma biyu, biyun ma su daina, ranar da baka ci ba kuma barci ya ƙi gaba ɗaya sai ka ɗauka ciwonka ne ya dawo alhali rashinta ne ke cizon ka. Auta yace wallahi haka ne, wata uku bai yi mafarki ba. Kuma a lokacin ne mutum ke fara lalubo abin ƙarawa, yau melatonin, gobe maganin mura, jibi ƙwayar aboki. Tace maganin da likitoci ke fara bayarwa ga rashin barci mai daɗewa ba ƙwaya bane, wani horo ne na gyara ɗabi'ar barci da tunani da ake kira CBT-I, ta rubuta masa sunan a takarda tace ya tambaya a asibitin makarantarsu.

Ya bari, amma ba da sauƙi ba, kuma ina faɗa ne don wanda zai bari ya san abinda ke gabansa kar ya karaya. Kwana na biyu zuwa na shida sune masu zafi, ba barci, gumi da dare, ba ya son abinci, abu kaɗan ya harzuƙa, yaron da bai taɓa ɗaga min murya ba sai da ya yi ya dawo yana ba ni haƙuri. Mafarkai kuma suka dawo da ƙarfi har yana tashi a firgice. Na ɗauki hutun kwana huɗu na zauna da shi, ina dama masa kunun gyaɗa da dare, muna kashe manyan fitilu tun tara, waya tana kwana a falo, shayi da kofi an daina bayan azahar, da safe ko ana dusar ƙanƙara sai ya fita ya ga haske. Melatonin miligiram 1 matar kemis ta yarda ya riƙa sha na ɗan lokaci shi kaɗai ba haɗi. Wajen sati biyu jikin ya lafa, barcin kuwa sai da ya haura wata kafin ya daidaita.

'Yan gida da za su karanta wannan, dan Allah kar wani ya ɗauka lasisi na ba shi. A Najeriya wiwi laifi ne, NDLEA na kamawa, kuma abinda ake sayarwa a lungu ba shi da rubutu ba shi da awo, ga Kolorado da ake fesa wa sinadarai wanda ba wiwi ba ce ma, tana sa farfaɗiya da haukacewa. Binciken 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar, kuma mun san yadda samari ke korawa da roci da baliyam da tiramol da kodin duk da an hana maganin tari mai kodin tun 2018. Wannan haɗin shi ne ainihin wanda matar nan tace yana tsayar da numfashi. In kana da ƙani ko ɗa da ke yi, ka tambaye shi yana barci kuwa, sau da yawa daga nan abun ya faro. Masu tafiya hutu gida daga nan kuma, ko alawa ɗaya kar ta kwana a jakarku, fita da ita daga Kanada laifi ne shigowa da ita ma laifi ne, balle abinda za ka tarar a filin jirgin Kano ko Abuja.

In za a ce in ba da maki, melatonin mai miligiram 1 zan ba shi huɗu cikin biyar ga mai aikin dare ko wanda ya dawo daga doguwar tafiya agogon jikinsa ya juye, mai miligiram 5 da 10 kuwa ban ga amfanin ɗaukarsu ba sai in likita ne ya ce. Shagon zan ba shi biyu, ɗaya don tsafta da bin doka ɗaya don saurayin da bai yi min ƙarya ba. Matar kemis biyar cur, har ta kira bayan sati ɗaya taji ya jikinsa tunda ya bar mata lamba, abinda kawai zan ce shi ne ku je da safe ko tsakiyar sati don da yamma layi na da tsawo ba za ta samu lokacin zama da ku ba, kuma ku tafi da duk kwalaben da fakitin a leda ta gani da idonta, har da na gargajiya in akwai.

Kwalbata yanzu tana cikin akwati mai makulli a saman wadirof, saboda 'ya'yan ƙawata na zuwa gidan kuma a Amurka an ga yawan yaran da ke haɗiyar melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021. Auta ya yi zama uku na horon barcin a makaranta saura uku, ya rage aikin kai abinci zuwa Juma'a da Asabar. Umma har yanzu bata sani ba, yace shi zai faɗa mata da bakinsa in ya je gida da babbar sallah, nace to Allah ya kai mu.